Haruffa huɗu da ba su da gurbi: yadda muka ƙera wa Kawu allon madannai a Yamai

Kawuna tsohon malamin yaƙi da jahilci ne, ya yi ritaya, yana zaune a Bukoki cikin birnin Yamai. Shekara da shekaru yana tara karin magana da tatsuniyoyin Adar a littattafan makaranta masu layi, da ya samu hutu kuma sai ya ɗaura niyyar haɗa su littafi guda, Hausa a shafin dama, fassarar Faransanci a na hagu. Kwamfuta yana da ita, ta kan tebur, mai Windows da Word na Faransanci. Bugun rubutu kuwa ba wanda zai koya masa, don a kan tafireta ya koya, da yatsu goma, tun ba a haife ni ba. Abin da ya rasa haruffa huɗu ne kawai: ɓ, ɗ, ƙ, ƴ.

Allon madannan da ake sayarwa a nan, wanda kowa ke ce wa kilabiye, tsarin Faransa ne, wato AZERTY. Akwai é da è da à da ç, har da gurbin ù, harafin da Faransanci ke amfani da shi a kalma ɗaya tak, où. Ƙ kuwa, wadda in babu ita ƙasa ta koma kasa, baƙi su koma baki, ko lungu ba a ba ta ba. Alhali tun 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa da waɗannan haruffa masu lanƙwasa, kuma a watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takarda ta faɗa, amma allon da ke kan tebur bai ji labari ba.

Dabarar Kawu ita ce ta kowa: ya buga k', d', b', 'y, in ya gama babi sai ya sa Word ya nemo su ya musanya. Haka ya yi ta lallaɓawa har ranar da ya manta cewa akwai Faransanci a cikin takardar, ya ce a musanya duk wani d' da ɗ a littafin baki ɗaya. D'abord ya koma ɗabord, aujourd'hui ya koma aujourɗhui, shafi bayan shafi. Bai lura ba sai da aka fitar da gwajin farko a shagon buga takardu, ya biya kuɗin tawada da takarda. Da la'asar ya kira ni, ya aza tulin takardun a gabana.

"Ɗana, kai da ka yi karatun lantarki, wai babu kilabiyen Hausa a duniyar nan?"

Na ce, "Kawu, in babu, ai ana iya ƙerawa."

Gaskiyar da ban faɗa masa ba a ranar ita ce, ana iya magance matsalarsa da manhaja kyauta cikin yini guda, ba tare da an taɓa dalma ba. Na sani. Amma na daɗe ina kallon hotunan allunan da mutane ke haɗawa da hannunsu, ina neman dalili, ga dalili ya faɗo. Na rubuta wannan tun farko don mai karatu ya san da wane ido zai duba sauran.

Tsara gurabe

Allon da ake kira na inji ya bambanta da na kasuwa a wuri ɗaya: kowane madanni yana da makunninsa na kansa, mai sifirin da ƙarafa biyu da ke haɗuwa in an danna, maimakon shimfiɗar roba guda da ke ƙarƙashin dukansu. Nau'in da ya cika duniya shi ne MX na kamfanin Cherry na Jamus, wanda ya fito a farkon shekarun 1980. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kamfanonin Sin irin su Gateron da Kailh suka shiga yin irinsa da araha. Awonsa sananne ne: daga tsakiyar madanni zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19.05, ramin da makunni ke zama murabba'i ne mai milimita 14, kaurin farantin da ke riƙe su milimita 1.5. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya riƙe rabin aikin.

Sauran rabin shi ne tambayar da ta ci mana mako biyu: a ina za a sa haruffan?

Na fara da tunanin cire ù da ², tunda ba a cika taɓa su ba. Kawu ya ƙi. Ya ce littafin harshe biyu ne, kuma yatsunsa sun shekara arba'in suna zuwa wurare da ido rufe, kada in kuskura in gusar masa da ko ɗaya. Na kawo shawarar a jera su a tsaye a gefen hagu, ya gwada a kan zanen da na yi a kwali, ya ce ƙaramin yatsa ya gaji da aikin da ke kansa tun da can. Sai na dubi tsohon allonsa da kyau. Dogon madannin tazara duk ya yi dishi-dishi da ƙura, in ban da wuri ɗaya da ya goge yana ƙyalli, daidai ƙarƙashin N. Ashe duk tsawon nan, da babban yatsan dama kaɗai yake bugunsa, a wuri guda. Babban yatsan hagu zaman kashe wando yake yi.

Tsawon madannin tazara ya kai na ƙananan madannai shida da kwata. In ka rage shi zuwa biyu da kwata, ka samu gurbi huɗu cif. Da na so in raba biyu a hagu biyu a dama don ya yi kyaun gani, amma wurin nan mai ƙyalli ya nuna cewa in na yi haka, duk sanda ya nemi tazara gefen harafi zai buga. Don haka muka tura tazarar zuwa dama, ta zauna ƙarƙashin N, muka jera ƴ, ɗ, ƙ a hagunta, ɓ ita kaɗai a damanta. Ƙ da ɗ su suka fi yawan fitowa a rubutunsa, su muka ba babban yatsan hagu. Allon ya fito a karkace, ba mai cewa ya yi kyau. Kwana uku Kawu yana buga kwali kamar mai koyon kalangu kafin ya ce ya yarda.

Ɓangaren lambobi na gefen dama na cire shi, don a rage kuɗi da faɗi. Na tambaye shi, ya ce shi ba akanta ba ne. Za mu dawo kan wannan.

Allon Turai marar ɓangaren lambobi madannai 88 gare shi, da namu huɗu ya zama 92. A nan akwai tarkon da ya kamata duk mai sayen kaya daga waje ya sani: yawancin kayan da ake tallatawa na tsarin Amurka ne, mai siririn madannin sauka layi, kuma ya gaza na Turai da madanni ɗaya, wanda ke ɗauke da alamun < da > kusa da Maj (wato Shift, madannin manyan haruffa) na hagu. Hulunan madannai masu rubutun AZERTY ma sai an tona kafin a samu.

Makunnai da dalma

Na sa wani ɗan kasuwa mai zuwa Sin ya zo mini da makunnai kala uku na gwaji. Ja santsi ne, nauyin kamar giram 45 ya isa ya danne shi. Kawu da hannun tafireta yana aza yatsu sai haruffa su yi ta zuba. Shuɗi yana ƙara ƙyas-ƙyas, ya ji shi ya yi murmushi, ya ce wannan shi ne rubutu. Inna daga tsakar gida ta ce in dai wannan abin zai riƙa tashi bayan sallar asuba, to a kai shi zaure. Muka tsaya a kan mai ruwan ƙasa, wanda yatsa ke jin ɗan tudu a tsakiyar dannawa amma ba ya ƙara. Na zaɓi nau'in BOX na Kailh, mai ɗan akwati kewaye da sandar, saboda ƙurar garin nan ba ta neman izini.

Farantin farko a wurin masu yanka allunan talla na kai shi, suka yanka mini da leza a kan filastik mai kaurin milimita 3, don mai sirara ba ya jure ramuka 92. Ramukan sun fito daidai, amma haƙoran makunnin an yi su ne su kama milimita 1.5, sai suka ƙi cizo. Kana cire hula makunni ya biyo ta. Matokaran manyan madannai kuwa ko shiga ba su yi ba. Da na matsa wa na madannin sauka layi, farantin ya tsage har gefe. Laifina ne, su abin da na ba su suka yanka. Daga baya na aika zanen aka yi mini shi da irin allon da ake yin da'irar lantarki, mai kaurin 1.6, wanda ya kusa isa ya kama. Ba sa yin ƙasa da guda biyar, huɗu na nan jingine bayan kabad.

Haɗin wayoyi kamar saƙar tabarma ne. Ba a ja wa kowane makunni wayarsa har ƙwaƙwalwa, wato ƴar ƙaramar na'urar da ke cikin allon tana gaya wa kwamfuta abin da aka danna, in ba haka ba sai ƙafa 92. Ana jera su layi shida a kwance, goma sha bakwai a tsaye, ƙwaƙwalwar ta riƙa kunna layi ɗaya tana duba wane ne ya amsa, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa. Shida da sha bakwai ƙafa 23 ke nan. Ƙwaƙwalwar da aka fi sani a wannan sana'a, Pro Micro, ƙafa 18 take bayarwa, ba ta isa ba. Raspberry Pi Pico, da ta fito a 2021 a kan dalar Amurka huɗu, tana da 26. Ita muka ɗauka.

Kowane makunni kuma sai an liƙa masa diyod, ƙaramin nan 1N4148, mai barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. In babu shi, ka danna madannai uku da suka yi kusurwa a cikin saƙar, wuta ta zagaya ta baya, ƙwaƙwalwa ta ga na huɗu da ba wanda ya taɓa. Masu abin suna ce masa fatalwa. Ga mai bugu da sauri irin Kawu, fatalwa ba ta da ranar hutu.

Liƙin ba ni na yi shi ni kaɗai ba. Akwai abokina mai gyaran waya a gefen Babbar Kasuwa, wanda hannunsa ya saba da abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Watan Mayu ne, zafi ya wuce digiri 40, kuran kuma ana kawowa ana ɗaukewa, sai muka koma aikin dare da ƙaramin ƙarfen dalma mai jan wuta daga batir. Ya lanƙwasa ƙafafun diyod ɗin duka a kan bakin ruler kafin mu fara, baƙin zoben kowanne yana duban ƙasa, ƙafar wannan ta hau ta wancan har layi ya cika. Layukan tsaye kuwa da wayar naɗin tsohuwar fanka ya ja su, mai rufin varnish, yana ƙona rufin da ɗigon dalma daidai inda zai liƙa. Na ce masa ban taɓa ganin wannan dabara ba. Ya ce, "Kai ka yi lakkwal, mu muka yi aiki." Dare huɗu muka yi. Da muka bi su da mita, madannai biyu ba su amsa ba: ɗaya diyod ɗinsa a juye yake, kuma ni na liƙa shi, ɗayan dalmar ce ba ta kama ba. Akwatin katako wani kafinta a Katako ya yi shi cikin yini biyu, ba abin faɗa a kansa sai alheri.

Hulunan haruffa huɗun ba inda ake sayar da su. Na samo huluna masu murfi garai-garai da ake sa takarda a ciki. Kawu ya yanka farar takarda, ya ɗauko alƙalaminsa na tawada, ya rubuta kowane harafi da irin rubutun allon aji, lanƙwasar ƙ ɗin ta fito kamar ƙugiyar guga.

Inda aikin ya kife

Na sa wa ƙwaƙwalwar QMK, manhajar da yawancin masu wannan aiki ke amfani da ita, kyauta ce kuma a buɗe. Kowane harafi a duniyar kwamfuta yana da lambarsa a tsarin Unicode: ƙ ita ce 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ 01B4. Na rubuta su, na gwada a kwamfutata mai Linux da tsarin madannan Amurka. Na danna, ƙ ta fito. Na ɗauki allon a moto har Bukoki ina jin kaina.

Kawu ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya danna ƙ. Abin da ya fito a fuskar kwamfuta shi ne à&çç. Ya danna ɗ, aka ba shi àé(è. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Wannan wane yare ne, ɗana?"

Abin da na sani a karatu amma ban taɓa jin zafinsa ba shi ne, allon madannai bai san harafi ba sam. Abin da yake aika wa kwamfuta ta wayar USB lambar gurbi ce: an danna na kaza a layi na kaza. Kwamfutar ce ke duba tsarin da aka saita mata ta ce wannan gurbi A ne ko Q ne. Shi ya sa in ka ɗauki allon Faransa ka sa a kwamfutar da aka saita da Ingilishi, ka danna A sai Q ta fito. To babu lambar gurbin da ke nufin ƙ. Abin da QMK ke yi dabara ce: ta danna wasu madannai a madadinka da sauri, ta gaya wa kwamfuta ga lambar Unicode na zuwa, sannan ta buga 0, 1, 9, 9. Linux ya san wannan sallama, Windows bai san ta ba. Ƙari a kan haka, a tsarin AZERTY layin sama ba lambobi yake bayarwa ba sai an riƙe Maj: gurbin 0 shi ne à, na 1 shi ne &, na 9 shi ne ç. Allon ya faɗi abin da na koya masa daidai, kunnen da ke saurare ne daban.

Gyaran farko da na yi na gaggawa ne. A Word, in ka riƙe Alt ka buga lambar harafi da lissafin goma-goma a ɓangaren lambobi, harafin yana fitowa: ƙ 409, ɗ 599, ɓ 595, ƴ 436. Allonmu ba shi da wannan ɓangare, amma ƙwaƙwalwar na iya aika lambobin gurabensa kamar yana nan, kuma waɗannan gurabe ba ruwansu da AZERTY. Ya yi aiki. Kawu ya buga babi guda a ranar. Bayan kwana biyu ya buɗe Facebook zai rubuta wa tsofaffin abokan aikinsa albishir, ya danna ƙ, sai ga Ö. A wajen Word, Windows na zubar da duk abin da ya haura 255, ya ɗauki ragowar: 409 a cire 256 saura 153, ita ce Ö a tsohon jadawalinsa. An gudu daga gara an faɗa wa zago.

Nan na haƙura na yi abin da ya kamata in fara da shi. Microsoft na da ƙaramar manhaja ta kyauta ta tsara madannai, MSKLC. Na ɗauki tsarin AZERTY yadda yake, na ƙara masa abu huɗu: AltGr (madannin Alt na dama) da K ya ba da ƙ, da D ya ba da ɗ, da B ya ba da ɓ, da Y ya ba da ƴ, in an haɗa da Maj a samu manyansu. Wurin a buɗe yake, don a tsarin Faransa na Windows, cikin haruffa E kaɗai ke da aiki da AltGr, ita ke ba da alamar kuɗin Turai. Sannan na koya wa madannanmu huɗu su riƙa aika wannan haɗi da bugu ɗaya. Ɓ ta yi gardama: Windows na ɗaukar AltGr a matsayin Ctrl da Alt tare, Word na Faransanci kuma ya riga ya ba wannan haɗi da B aikin buɗe sharhin ƙasan shafi. Na shiga saitin gajerun hanyoyi na kwance shi, aka zauna lafiya.

Mai hankali zai ce, to ai da wannan tsari ko allon kasuwa ma zai rubuta ƙ, a riƙe AltGr a danna K. Haka ne, ba musu. Duk mai neman haruffan kawai, ya tsaya nan, ko ya sauke Keyman na SIL, ya adana kuɗinsa. Abin da na kashe zai sayi allunan kasuwa fiye da goma. Abu biyu ne na ga allonmu ya ƙara da manhaja ba ta iya bayarwa. Na ɗaya, bugu ɗaya ne ba biyu ba, kuma harafin na nan a rubuce ido na ganinsa. Jikokin Kawu da ba su taɓa rubuta Hausa da ƙa'ida ba sun fara tambayar mene ne bambancin wannan k da waccan. Na biyu ban yi tsammaninsa ba. Ban goge dabarar Alt ɗin nan ba, na bar ta a matsayin hawa na biyu da ake kunnawa da haɗin madannai biyu. Kawu ya sa musu suna, na gida da na baƙunta. In zai je shagon buga takardu yin gyaran ƙarshe, inda ba za su yarda ya sa musu wata manhaja ba, sai ya naɗe allonsa a cikin zane, ya je ya soka, ya kunna na baƙunta, Word ɗinsu ya rubuta Hausa.

A shagon ne ma muka gano saura ƙiris: ba kowane salon rubutu ke da haruffan ba. Inda babu, Word na aro daga wani salon, sai ka ga ƙ ta fi ƴan uwanta tsawo ko kauri a tsakiyar kalma. Muka mayar da littafin duka kan Charis SIL, kanun babi kan Andika, wanda dama don masu koyon karatu aka zana shi, kuma ba ya fita daga gida sai a PDF.

Bayan wata takwas

Allon ya ci damina ya shiga hunturu. Cikin hazon Disamba madannin A ya fara ninka kansa, a danna sau ɗaya ya fito biyu, abin da ke ɓata rubutun Hausa ba tare da ido ya kama da wuri ba. Ƙarafan makunni dama suna ɗan rawa kafin su zauna in an danna, QMK kuma na jiran milidaƙiƙa biyar kafin ta gaskata. Na mayar da shi goma, na cire hular na busa wurin, bai sake ba. Inna ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Babban yatsan hagu ya ɗauki kamar mako uku kafin ya daina faɗawa kan ɗ in ana neman ƙ. Ɓ da na ware a dama har yau ita ce ya fi mantawa, wani lokaci sai ya koma b' ɗinsa na da. Da zan sake, huɗun duka a hagu zan jera su.

Littafin ya kai tatsuniya ta sittin da wani abu. Wani abokinsa mai rubutun Zabarmanci ya zo ya gani, ya tambaya ko za a samu mai ŋ da ɲ; na ce faranti huɗu na nan bayan kabad, amma ya fara gwada manhaja tukuna.

Makon jiya Kawu ya fara jadawalin ƙarshen littafi, mai lambar kowace karin magana da shafinta. Ya kira ni bayan magariba. Ya ce tun safe yake riƙe da Maj yana farautar lambobi a layin sama, ƙaramin yatsansa ya ƙage, ina ɓangaren nan na dama da ke jikin tsohon allonsa? Na tuna masa cewa shi ya ce shi ba akanta ba ne. Ya ce bai tuna ya faɗi haka ba.

Na zauna na yi lissafi. Pico na da ƙafa 26, mun ci 23, saura uku. Uku sau layi shida gurbi 18 ne, ɓangaren lambobi kuma madannai 17 gare shi. Zai shiga, da rarar ɗaya. Sai dai sabon faranti, da komawa wurin kafinta, da kuma lallashin abokina, wanda ya riga ya ce kada in sake kawo masa aikin dare sai zafi ya wuce.